Inci Goma Sha Takwas na Mataimakin Darakta

A duk hawa huɗu na ginin hukumar nan babu wanda ya san darajar girma kamar Mataimakin Darakta. Teburinsa sai da aka cire ƙyauren ofis kafin a shigar da shi. Kofin shayinsa zai yi wa jariri wanka. Sa hannunsa kuwa yakan taso daga tsakiyar takarda ya gangara har sai ya rasa wurin zuwa. Mutum ne mai tsari. Tun yana ƙaramin ma'aikaci ya gano cewa duk abin da ya fi girma ya fi kyau, kuma daga ranar bai sake wahalar da kansa da wani tunani ba.

Ana nan sai hukuma ta ce za a saya wa manyan ma'aikata kwamfutar tafi-da-gidanka, kowa ya zaɓi wadda ta dace da aikinsa. A daidai lokacin ne kuma Darakta ke haɗa kayansa zai yi ritaya, kwamiti zai zauna a hedikwata nan da wata biyu ya tantance wanda zai gaje shi. Shekara tara Mataimaki yana kallon kujerar nan ta ƙofar da ke tsakanin ofisoshinsu. Har ƙarar da take yi idan an juya ta ya haddace.

Injiniyan da ke kula da kwamfutocin ofis, wani dattijo mai haƙuri, ya hau sama ɗauke da guda uku ya jera a tebur. Ya fara tambayar irin aikin da za a yi da ita da yawan tafiye-tafiye. Mataimaki ya katse shi.

"Ta Darakta inci nawa ce?"

"Goma sha biyar, Yallaɓai."

"Wacce ce ƙarshe a girma?"

Injiniya ya sosa ƙeya. Ya ce akwai mai inci goma sha takwas, amma ta masu haɗa fim ce da masu wasan kwamfuta. Ita da cajarta sun isa kayan mutum guda, batirinta kuma da ƙyar yake awa biyu. Ya nuna mai sha huɗu, ya ce wannan za ta shiga jaka, ta yini ba caji, ta yi shekara biyar ba a ji kanta ba.

Mataimaki ya jingina da kujera, ya dube shi da tausayi.

"Injiniya, kai na'ura ka karanta, ni mutane na karanta. Shugaba ba ya leƙen duniya ta ƙaramar taga. Idan na buɗe kwamfuta a taro, so nake na ƙarshen ɗaki ya san an buɗe wani abu."

Injiniya ya tattara nasa ya sauka.

Ranar da mai inci goma sha takwas ɗin ta iso, aiki ya tsaya a hawa na huɗu. Madannanta na walƙiya ja da kore da shuɗi. Fankar cikinta idan ta tashi sai ka ce jirgi na shirin barin ƙasa. Kafin la'asar ma'aikata sun sa masa suna Babban Allo, da sunan ya kai kunnensa kuma ya karɓe shi a matsayin sarauta.

Ba za a ce ba ya aiki da ita ba. Kullum da safe yakan buɗe wasiƙa mai layi uku, ta zauna a tsakiyar allon kamar tabarma ɗaya a filin ƙwallo, ya amsa da yatsa ɗaya, "An gani." Sauran aikin sashen, wato rahoto da jadawali da jawabin da yake karantawa a taro, a hawa na ƙasa ake yin sa. Can akwai wata jami'a da ta shekara goma sha biyu a kujera ɗaya, ana ce mata Uwar Rahoto. Tata kwamfutar ƙarama ce, tsohuwa, wasu haruffan ma sun goge don dannawa.

A gida, matarsa ta zagaya abin sau biyu a kan teburin cin abinci.

"Baban yara, talabijin aka ba ka ko kwamfuta? To mu yanzu a ina za mu ci abinci?"

Babu jakar da ta ɗauke ta, sai da aka nemo ta masu hawan dutse. Cikin mako uku kafaɗarsa ta dama ta sauka ƙasa da ta hagu. Matar na shafa masa man zafi, shi yana yi mata bayanin cewa nauyin shugabanci haka yake, ba kowace kafaɗa ake ɗora wa ba.

Da ranar tantancewa ta matso, Uwar Rahoto ta shirya masa jawabi, ta zuba a kwamfutar kashi biyu. Ɗaya ta sa masa suna "Na Kwamiti". Ɗayan "Na Yallaɓai Kaɗai", shi ne mai ɗauke da tunatarwa a ƙasan kowane shafi ban da na farko, da manyan haruffa, domin Yallaɓai ba ya son a gan shi da tabarau. Sau biyu tana gaya masa wanda zai nuna da wanda zai ɓoye. Sau biyun yana duba zaman hularsa a baƙin gilashin allon.

A jirgi ya yi niyyar maƙwabtansa su ga yadda manya ke aiki a sama. Kwamfutar ta ƙi zama a ɗan teburin. Ya ɗora ta a cinya, ya buɗe rabi, na gabansa ya kwantar da kujera ya rufe masa ita. Haka ya rungume ta har aka sauka. A masauki dai ya zauna ya haddace jawabin tsaf, har da inda zai dakata da amsoshin da zai bayar, don a nan kam Allah ya ba shi.

Mutum bakwai ne a kwamitin, a dogon tebur, shugabarsu wata dattijuwa tana can ƙarshe. Wani ma'aikaci ya miƙo waya zai haɗa kwamfutar da majigin bango. Mataimaki ya ɗaga hannu.

"Ku bar majiginku ya huta. Na zo da nawa."

Ya dubi sunaye biyun, bai ɓata lokaci ba. Abin da ke ɗauke da sunan Yallaɓai ai shi ne gaba. Shafin farko iri ɗaya ne a duka biyun, don haka ya juya allon ya fuskanci kwamiti, shi ya tsaya a bayansa, yana miƙo hannu ta sama yana danna shafi na gaba.

A ƙasan shafi na biyu kwamiti ya karanta: "Ka gaishe su a taƙaice, Yallaɓai. Don Allah ban da labarin kwas ɗin da ka je."

Ya ba da labarin kwas ɗin, minti shida.

Shafi na huɗu ya ce: "A nan ka ɗan yi shiru kamar kana tunani." Mataimaki ya yi shiru, ya kama haɓa, ya dubi silin. Wani ɗan kwamiti ya sarƙe da ruwan da yake sha.

Da aka zo shafi na bakwai, shugabar ta gyara zama. Rubutun ya ce: "Idan sun tambayi wannan jadawalin, ka ce ana kan nazari. Na yi maka bayaninsa sau uku, mu bar shi haka."

"Malam Mataimaki," in ji ta, "ko za ka ɗan fayyace mana jadawalin nan?"

"Ranki ya daɗe, ana kan nazari."

Kafaɗu suka riƙa rawa a gefe biyu na teburin. Ya ji daɗi ƙwarai. Bai taɓa ganin jawabi ya ratsa mutane haka ba.

A shafin ƙarshe shugabar ta tambaye shi wanda ya shirya aikin, don ta ce aiki ne mai kyau. Ya dafa ƙirji ya ce shi ne da hannunsa, ko barcin kirki bai yi ba. Idanu goma sha huɗu suka sauka ƙasan allon, inda aka rubuta: "In an tambayi wanda ya shirya, ka ce kai ne. Na saba."

Batirin ya riƙe amana har nan, sannan ya mutu. Da Mataimaki ya juyo da ita, baƙin gilashi ya tarar, da fuskarsa a ciki tana murmushi. Ya dawo gida ya ce wa matarsa ta fara tunanin labulen sabon ofis.

Bayan mako biyu takarda ta zo daga hedikwata. Kwamiti na gayyatar jami'ar da ta shirya jawabin ta zo a tantance ta ranar Litinin. A kan Mataimaki kuwa layi ɗaya aka rubuta: kwamiti na yaba masa bisa zaɓen kwamfuta, domin har na ƙarshen tebur bai nemi tabarau ba.