Yadda Za Ka Kalli Wasan 'Yarka Ranar Slava Ba Tare da An Kama Ka Ba

Idan kai magidanci ne mai taurin kai, ka taɓa rantsuwa a gaban jama'a cewa idonka ba zai kalli ƙwallon kwandon mata ba, sai ga shi 'yarka ta shiga tawagar ƙasa, to kwantar da hankalinka. Bi matakan nan takwas daki-daki. Na yi maka alkawari za ka ga wasan tun daga farko har ƙarshe, girmanka yana nan daram, ba wanda zai ce ya ga ka kalla. An gwada hanyar a garinmu Cacak, a gidan Milutin mai facin taya, ina zaune a wurin da cokali a hannuna.

Mataki na 1: Ka tabbata maganar da ka furta ba ta janyuwa

Idan a ɗaki ka yi rantsuwar, kai da matarka, ba ka bukatar wannan jagora. Je ka kunna talabijin. Milutin kuwa a kan teburin slava ya yi tasa, wato bikin shekara-shekara na ranar waliyyin gidansu Iliya, biyu ga Agusta, shekara tara da suka wuce. Ranar ce 'yarsa Zorana, mai shekara goma sha shida, wadda kanta ya riga ya fara gogar fitilar falo, ta ce ba za ta yi karatun haɗa magunguna ba, kulob ɗin Belgrade za ta tafi. Ya buga tebur har cokula suka yi tsalle, ya ce ƙwallon mata ba ƙwallo ba ce, kuma idonsa ba zai taɓa ganin ta ba.

Cikin shaidu akwai Kum Radisav, wanda ya tsaya masa ranar aure, ya kuma riƙe Zorana ranar baftisma. Irin wannan zumuncin ne yake sa mutum biyu su riƙa kiran juna Kum. Radisav yana manta inda ya ajiye motarsa, amma ba ya manta maganar wani.

Zorana ta tafi, ba ta sake ce masa ya zo ya kalle ta ba, ko sau ɗaya. Sai bana, da slava ta faɗo daidai da wasan da duk wanda aka ci zai tattara kayansa ya koma gida. Da safe saƙonta ya shigo wayarsa, ta fara da Tata, wato Baba: "Tata, yau ƙarfe biyar ne. Wataƙila koci ya saka ni. Zan kira in an tashi." Ya karanta sau goma sha ɗaya, bai ba da amsa ba. Ya san abin da za ta tambaye shi in ta kira. Ya kuma san halinta, don nasa ne ta ɗauko: in ya ce bai gani ba, ba za ta ƙara tambaya ba har abada.

Mataki na 2: Ka ɗora laifin talabijin a kan wani

Ka jira sai baƙi sun cika, sannan ka haɗe gira, ka ɗaga murya.

"Desa! Wa ya shigo da wannan akwatin falo ranar slava?"

"Kai ne, Mile," in ji matarsa Desanka daga kicin. "Jiya. Har ka murɗe bayanka."

"Saboda baƙi na yi."

"Kai ka goge shi kuma, sau biyu."

Wannan matakin bai tafi yadda aka tsara ba. Masana sun daɗe da gano cewa matar da ta shekara talatin a gidanka ba shaidar da za ka kira ba ce.

Mataki na 3: Ka riƙe tire, kada ka sake shi

Nan al'ada take taimakonka. Mai gida ba ya zama ranar slava muddin kyandir yana ci. Baban Milutin bai taɓa zama ba. Kakansa ya dawo daga yaƙi da ƙafa ɗaya, ya kuma yi slava talatin a tsaye a kanta. Mahaifiyarsa, Kaka Kovilka, mai shekara tamanin da shida, tana zaune dab da kyandir ɗin da sandarta, aikinta guda a duniya shi ne ta tabbata ɗanta bai kusanci kujera ba.

To mutumin da ba ya zama, ai zagaye yake yi, kuma ba wanda zai ƙirga sau nawa ya bi ta gaban talabijin. Ka cika kofin da yake cike. Ka kai wa baƙon da ya fi kusa da allo naɗin kabeji har sau biyar, ko da ya fara roƙonka da Allah. In an ɗago ido, ka juya wa wasan baya, ka tsura wa kabad ɗin tangaran ido kamar mai neman faranti. Gilashin kabad yana nuna komai, sai dai a juye. Milutin ya yi minti huɗu yana murna a zuci, ashe ƙwallon abokan gaba yake yi wa murna.

Mataki na 4: Kada ka tanka wa masana

A Cacak duk wanda ya taɓa wucewa ta gefen fili koci ne. Za su yi ta magana, kai dai ka haɗiye.

"Wannan kocin," in ji Radisav, yana nuna allo da ƙashin rago, "ko kajina ba zan ba shi ya shigar akurki ba!"

"Ba laifin koci ba ne, alƙalin ne," in ji maƙwabciya Borka, tsohuwar malamar lissafi. "Dubi yadda yake yi wa doguwar nan tasu murmushi. Surukinsu ne, na rantse!"

"Ai da ni ne, tun ɗazu na ce a tsare su yanki-yanki."

"Da kai ne, Radisav, da tun a filin jirgi an ci mu. Koci ya saka Zorana kawai!"

"A'a, a'a, bar ta a benci. Yarinyarmu ce, a hannuna aka yi mata baftisma, amma hannunta na hagu katako ne."

Nan ne wurin da ake so ka wuce kicin. Milutin bai wuce ba.

"Katako? Tun bara ta gyara shi! Wasanta shida na ƙarshe, rabin makinta da hagu ta ci!"

Radisav ya ajiye ƙashin a hankali, fuskarsa cike da farin cikin mugunta.

"Kum, kai a ina ka sani?"

"A jarida."

"Kana karanta shafin mata?"

"Kifi aka naɗe min da ita."

"Sau shida?"

"Ina son kifi," in ji Milutin, ya shige kicin da sauri.

Mataki na 5: Ka bari camfin jama'a ya yi maka aiki

Wannan shi ne zuciyar hanyar gaba ɗaya, ka natsu. A zango na uku ana binmu da maki goma sha ɗaya. Borka ta cire tabarau ta ce ba za ta iya gani ba. Ana cikin haka Milutin ya fito da tiren gasasshen rago, ya tsaya a bakin ƙofa, ƙafar hagu a kan dokin ƙofar. Nan take kyaftin ɗinmu ta jefa ta maki uku. Aka ƙwace ƙwallo, aka ƙara biyu.

"Kada kowa ya motsa!" Borka ta ƙwala ihu. "Kowa ya tsaya yadda yake!"

Milutin ya ɗaga ƙafa zai kai nama tebur. Kafin ya sauke ta, an zura mana.

"Koma! Koma inda kake, Kum, ko in fasa maka tiren nan a ka! Hagu ce a kan ƙofa, ba dama ba!"

Ya koma. Muka ci huɗu a jere. Daga nan aka daina gardama: mai gida ne yake riƙe da tawagar ƙasa da ƙafarsa ta hagu. Desanka ta daskare a ƙofar kicin da ludayi a sama. Wanda yake tauna ya ci gaba da tauna, ko da bakinsa ba komai. Zafin Agusta ya cika falon, ba wanda zai buɗe taga ta biyu, don kowa ya san iskar da ke ratsa tagogi biyu ta fi yaƙi kashe mutane. Gumi yana bin hancin Milutin yana ɗiga cikin rago.

"Ku shaida," ya ce, idonsa kyam a kan allo, "ni ba kallo nake ba. Tsare ni aka yi."

"Mun shaida, Kum. Yi shiru."

Ka ga amfanin ilimi ke nan. Ga ka a tsaye kamar yadda al'ada ta ce, fuskarka tana kallon wasa, laifin kuma na jama'a ne.

Mataki na 6: Idan aka saka ta, ka kalli bango

Saura minti huɗu, babbar 'yar wasanmu ta yi ƙeta ta biyar, aka fitar da ita. Koci ya waiga benci. Mai lamba goma sha huɗu ta miƙe tana cire rigar sama.

Falo ya kaure. Borka ta sumbaci Radisav a saman sanƙonsa ba tare da ta tashi daga kujera ba. Kai dai an ce ka kalli bango.

Milutin bai kalli bango ba. Ya ga Zorana ta tsaya a bakin layi, ta ɗaga ƙafar dama ta share tafin takalmin da hannu, sannan ta hagu, sannan ta hura tafin hannunta sau biyu. Shi ya koya mata haka, tana da shekara shida, a bayan shagonsa, a ƙarƙashin kwandon da ya yi mata da tsohon ƙarfen taya. Shi ya fara sa mata ƙwallo a hannu, shi kuma ya ce ba ƙwallo ba ce ranar da ta so ta bar gida saboda ita. Shekara tara tana share takalmi irin nasa a gaban dubban mutane, shi kaɗai ne bai gani ba. Kunya ta kama shi, da kewa, da wani irin alfahari. Tiren ya karkace.

"Riƙe ragon nan da kyau, Kum!"

"Ina riƙe da shi."

Mataki na 7: Kome ya faru, kada ka zauna

Duk sauran matakan ana iya gyara su. Wannan ba ya gyaruwa.

Saura daƙiƙa biyu, ana binmu da maki ɗaya. Zorana ta kutsa ta hagu, ta hagu fa, Radisav, aka doke mata hannu. Alƙalin, wanda nan take ya tashi daga surukinsu ya koma mutumin kirki ɗan gidan mutunci, ya ba ta jifa biyu daga layi.

Ta farko ta shige sumul. Maki ya zo daidai. Borka ta cusa mayafin tebur a baki.

Ta biyu ta tashi, ta daki ƙarfe, ta fara zagaye bakin kwando. A nan Milutin ya ja da baya. Akwai kujera ɗaya da ba kowa a kanta tun safe, kusa da ƙofa, ta Zorana, wadda Desanka ta jera wa faranti duk da ta san ba za ta zo ba. A kanta ya faɗa, tire a cinya. Ƙwallo ta zagaya, ta yi tunani, ta faɗa ciki.

Ba zan iya ba ka labarin minti ɗayan da ya biyo baya ba, don wani ya rungume ni ta baya har na ga taurari. Na dai san ludayi ya bugi fitila, kuma an buɗe tagogin duka biyu, ba wanda ya mutu. Sai aka lura. Kyandir yana ci, mai gida yana zaune.

Duk ido ya koma kan Kaka Kovilka. Ta dubi kyandir, ta dubi ɗanta.

"Kakanka da ƙafa ɗaya ya tsaya," ta ce.

"Na sani, Mama."

"Babanka da zazzaɓi ya tsaya."

"Na sani."

"To su ba su da 'yar da ta jefa waccan. Miƙo min haƙarƙari tun da kana kusa."

"Kuma yana zama ta shiga," in ji Borka. "Na lura. Daga yau a kujerar nan zai riƙa kallo, da tire."

Mataki na 8: Idan waya ta yi ƙara, ka musanta

Ta kira bayan minti ashirin. Desanka ta fizge wayar ta buɗe murya don kowa ya ji. Ana jin 'yan mata suna waƙa a bayanta, ita kuma tana haki.

"Tata? Ka gani?"

Milutin ya gyara murya. Har yanzu akwai sauran hanya, kuma ya bi ta. "Ɗiyata, kin san yau slava ce. Mai gida ba shi da lokacin..."

"Ya zauna!" Radisav ya kwarara ihu a kan wayar. "Zorana, babanki ya zauna! Kyandir yana ci, kakarki tana kallo, ya zauna daram a kujerarki!"

Yarinyar da ta tashi a gidan nan ba ta bukatar a yi mata bayanin abin da aka faɗa.

"Tata," ta ce, muryarta ta canza. "Da gaske?"

Ya buɗe baki zai ce bayansa ne, wanda ya murɗe jiya. Ya dubi Radisav, ya dubi farantin da ba a taɓa ba a gabansa.

"Gwiwar hannunki ta buɗe a jifa na biyu," ya ce. "Shi ya sa ta zagaya."

Ta fashe da dariya mai haɗe da kuka. "Na sani, Tata. Ina jefawa na ce da kana gani da ka faɗa."

"Ina gani." Ya share fuska da tawul ɗin tire, ya bar maiƙo a goshi. "Wasan jibi ƙarfe nawa?"

Gargaɗi

Mai wannan jagora ya yi alkawarin ba za a kama ka ba. An kama Milutin a mataki na biyu, da na huɗu, da na bakwai, da na takwas, amma wannan rashin bin umarni ne daga wajensa, ba aibun hanyar ba. Ba ruwana da ragon da ya huce, ko fitilar da ta fashe, ko ciwon wuyan da ya kama mutum uku bayan buɗe tagogi. Ba ruwana da fushin waliyyi Iliya, ko da yake an yi tsawa da yammacin ranar, Kaka Kovilka ta ce tafi yake yi. Idan kuma kana da Kum irin Radisav, ka sani za a ba da labarinka a kowace slava har jikokinka su haddace. Duk mai ƙorafi ya same ni jibi ƙarfe bakwai a falon Milutin. Ya zo da kujerarsa, don ta bakin ƙofa tana da mai ita.