Tsarabar Gonar Inabi

Ba zan taɓa mantawa da tsarabar da na kai gidan surukaina ba, ko da tsufa zai sa in manta sunayen jikokina. Har yau in abin ya faɗo mini ina tuƙa tuwo, sai na saki muciya na rufe fuska.

Ni mace ce da ba ta kwana da magana a ciki, duk ƙauyenmu Inkil an san haka. Sai da na aurar da 'yata ta fari na shiga ajin yaƙi da jahilci, kuma tun ranar da na iya rubuta sunana ba wanda ya isa ya karanta mini ko takardar magani. (Ku riƙe wannan girman kan, za mu dawo kansa.)

Ɗana Nasiru ya ga wata yarinya a cikin garin Bauchi, Rukayya, marainiya, ya ce shi fa sai ita. Da muka shiga bincike sai na ji wai baffanta Alhaji Isa, wanda shi zai ba da aurenta, ya taɓa shan giya lokacin yana babban ma'aikaci mazaunin GRA. An ce ya tuba tuntuni. Ni kuwa na buɗe baki a gidan suna, gaban mata, na ce, "Jinin mashaya ba zai gauraya da nawa ba." Kafin a raba waina magana ta isa cikin gari. Dangin yarinyar suka ja baya. Nasiru ya daina cin abincina, yana ta ƙarewa kamar kuɗin guzuri. Na san na yi ɓarna, amma bakina bai saba da ban haƙuri ba.

Ana haka 'yata Hadiza, mai aikin jinya a Afirka ta Kudu, ta aiko mini da tikiti in je hutu. Wata Alhamis tana wurin aiki, maƙwabciyarta, wata tsohuwar baturiya, ta gayyace ni yawon gonaki. Ni manomiya, na ji gona? Na yafa mayafi.

Jama'a, na ga gona! Inabi layi-layi tun daga gindin dutse har inda ido ya ƙare, ba ciyawa ko ɗaya. Mu fita wannan mu shiga waccan, kowace da ɗakinta na ƙarƙashin ƙasa mai sanyi, cike da manyan gangunan katako. Mai yi mana bayani yana zuba Turanci kamar ruwan Agusta, ni ina gyaɗa kai. Tambaya kuwa, Allah ya kiyaye, a ce ban gane ba? Na ji ɗan tsami-tsami a iska, na ce ai ko kunun zaƙi in ya kwana haka yake. Giya a sanina ita ce ta bayan gari: rumfa, ƙwarya, ƙudaje, ƙato yana tangaɗi. Nan kuwa fararen tebura ne da furanni da tsofaffi masu natsuwa.

Aka jera kofuna. Ni ina azumin Alhamis, na girgiza kai. Sai na ga kowa ya ɗaga kofinsa, ya jujjuya, ya shinshina, ya kurɓa, ya tofar a wani ɗan bokiti. Wallahi sai da ƙwalla ta zo mini. Na ce a raina, Allahu Akbar, ashe su ma azumi suke! Ba haka muke ɗanɗana gishirin miya da rana mu tofar ba? Nan take na ga mafita: abin da masu azumi ke tanada don shan ruwa, ai shi ya dace da gidan surukai. Tsaraba za ta faɗi abin da bakina ya kasa. Na sayi kwalabe, na naɗe cikin zannuwa, na tura ƙasan akwati. Ban buɗe ko ɗaya ba, mai mutunci ba ya taɓa tsarabar wani. Ko Hadiza ban nuna wa ba, don za ta ce kaya sun yi nauyi.

Da na dawo Bauchi na ci ado na nufi cikin gari. Mahaifiyar Rukayya, Hajiya Binta, ta karɓe ni a falo tare da 'yan'uwanta mata, fuska ba yabo ba fallasa. Na jera kwalabe a gabansu.

"Ruwan inabi ne tsantsa, Hajiya, ba irin na kanti ba. Da ƙafata na taka gonar."

Har da ɗan wa'azina, cewa inabi ɗan itacen Aljanna ne. Fuskoki suka fara sakewa, aka kawo kofuna. Sai kwalba ta ƙi buɗuwa. Ba murfi gare ta ba, wani matoshi aka cusa mata a wuya. Aka gwada haƙori, aka gwada wuƙa. Hajiya Binta ta ce, "A kira mana Baffan yara, yana zaure."

Ya shigo da sallama, dattijo mai farin gemu da carbi. Muka gaisa sama-sama. Ya karɓi kwalbar, ya juya ta, ya ɗaga ta wajen haske, ya daɗe yana kallonta kamar wanda ya ci karo da tsohon abokin da suka ɓata.

"Wa ya kawo wannan?"

"Ni ce, Alhaji," na ce, har da gyara zama.

"Maman Nasiru, ni da na tuba tun ba a haifi Rukayya ba, ke ce za ki biyo ni da ita har gida?"

"Baffa, mece ce?" in ji Hajiya Binta.

"Giya ce, Binta. Mai tsada ma. Ko a zamanin wautata ban kai ga irin wannan ba."

Hajiya Binta ta saki kofi tana salati. Wata gwaggo ta tattare zaninta daga kusa da kwalaben. Ni kuwa na nemi ƙasa ta tsage, ta ƙi. Kun san abin da ya fito daga bakin nan nawa da ba a taɓa kayar da shi ba?

"Ai azumi suke yi."

Da na yi bayanin bokitin tofi, Alhaji Isa ya yi dariya har sai da ya dafa bango. Ni ba dariya a raina. Nasiru nake gani, wanda na kashe wa aure da baki, yanzu na zo binne shi da kwalba. Na zame daga kujera na durƙusa.

"Alhaji, ka yafe mini. Ba don kwalbar kaɗai ba."

Ya share ido, ya dube ni. "An ce jinina ba zai gauraya da naki ba."

"Ba an ce ba ne. Ni na faɗa."

"To. Ni na sha da sani na tuba, ke kin ɗauko da rashin sani kin ji kunya. Allah ya rufa mana asiri baki ɗaya. Ku turo magabata."

Shi da kansa ya fasa kwalaben a kwata.

An yi biki, Rukayya tana ɗakinta a unguwar Yelwa. Amma duk Sallah in na je gaida Alhaji Isa, sai ya leƙa jakata ya ce, "Maman Nasiru, bana ba tsaraba?" Ni kuma in sunkuyar da kai kamar amarya.

Tun daga nan, in ban gane ba ina tambaya, ko ɗan tsako zai yi mini dariya. Kuma kafin in shinshina bakin wani, sai na fara kwance akwatina.