Filin Ƙwallon da Na Zaɓa wa Yarana

Da na dawo daga cin rani a Kano, na sanar a gida cewa za mu bar tsakiyar Matameye mu koma kusa da lekol, wato makarantar boko, mai kyau. Na zaga unguwanni kamar jami'in gwamnati, har na sami wadda kowa ke yabon malamanta. Ga wani gida yana kallonta, tsakaninsu shimfiɗaɗɗen fili. Na sayar da namu na sayi wannan gidan.

Matata Hadiza ta ce, "Malam, me ya hana mutane gini a filin nan?"

Na ce, "Filin ƙwallo ne. Ke ba ki san tsarin gari ba."

Da damina ta kankama, wata safiya na buɗe ƙofa na tsaya baki sake. Filin ƙwallona ya zama tafki, har da agwagin maƙwabta. Aka koma karatu, ruwa yana nan daram. Yara na hango ajinsu daga zaure, amma zagayen da suke yi ya fi tafiyar tsohon gidanmu nisa.

Ƴan majalisarmu kuwa har yau Sarkin Ruwa suke kirana, su kuma tambaye ni yadda wasan jiya ya tashi.