Ranar da Na Saki Birkin Motar Baba

Ko na so in manta, ba na jin zan taɓa mantawa da safiyar Asabar ɗin nan. Wata biyu ke nan, amma har yau idan aka tayar da mota a kusa da ni sai gabana ya yanke ya faɗi.

Babanmu tsohon direba ne, ya yi ritaya. Yana da wata tsohuwar motar Amurka mai ƙofa biyu, koriya, doguwa kamar kwale-kwale, wadda ta girmi babban yayanmu. Idan ya tayar da ita, duk layinmu a nan Azare sai an san Alhaji zai fita. Ba ya hawanta sai ranar Juma'a, ko idan zai je Disina gaida 'yan uwa. Irin motocin nan ne masu canja giya da kansu, sandar giyar ma a jikin sitiyari take.

A hanyar dawowa daga Disina ne ta fara masa gardama. Sai ta maƙale a giya ta ɗaya tana gurnani kamar injin zai tarwatse, sai da ƙyar ta faɗa ta biyu da wani irin bugu. Baba ya dawo gida ko abinci bai iya ci ba. Ya aika aka kira masa Baba Buba, bakanike, abokinsa tun suna samari, wanda shi kaɗai ya yarda ya taɓa motar.

Ranar Asabar da hantsi Baba Buba ya zo da jakar sifanoninsa. Motar tana ƙofar gida, hancinta na fuskantar katangar zaure. Ni kuma na kawo musu shayi, na ƙi komawa ciki (gulma ce kawai, ba wani abu ba).

Baba Buba ya ce, "Alhaji, kada ka tayar da hankalinka tukuna. Kafin a ce a sauke giya, abu uku ake dubawa. Man giya, da sandar da ke haɗa giya da totur, da wani ɗan tiyo da ke tsotso iska daga inji. Mu fara da mai."

Ya ce shi man giyar irin wannan mota ba a auna shi inji a kashe. Sai mota ta yi zafi, tana aiki, wani ya zauna a ciki ya taka birki ya zagaya da sandar giya kan kowane harafi, sannan a zaro ma'auni a duba. Matsalar ita ce bonet ɗin motar, wato murfin inji, ya daina tsayuwa da kansa, dole Baba ya tsaya a gaba ya tallafe shi da hannu. Yayyena maza duk ba sa gari. Baba Buba ya waiwayo ya dube ni.

"Ɗiyata, kin iya mota?"

Na ce, "Na iya, Baba."

Ga gaskiyar iyawar tawa. Bayan mun gama sakandare, Yaya Sani ya fita da ni wani fili a hanyar Katagum sau uku a 'yar ƙaramar motarsa mai kuloci. Sau uku. A cikinsu sau ɗaya ma kuka na yi muka dawo. Amma na riga na cika wa ƙawayena baki cewa ni direba ce, har ni kaina na fara yarda.

Baba ya dube ni ta ƙasan tabarau, ya ce, "Kin tabbata?" Na ce na tabbata.

Na shiga na zauna. Na leƙa ƙasa, sai na ga abin takawa biyu ne kawai, ɗaya siriri ɗaya mai faɗi. Ina na ukun? A nan ya kamata in buɗe baki in yi tambaya. Ban yi ba, don kada a ce ban sani ba. Bonet ya rufe mini gaba gaba ɗaya, ba na ganin kowa, muryoyinsu kawai nake ji a cikin rurin inji.

"Taka mai faɗin nan da ƙarfi!" in ji Baba Buba. Na taka.

"Jawo sandar, ki kai ta kan D!" Na jawo, na ji motar ta ɗan girgiza.

To, abin da Yaya Sani ya yi ta nanata mini a filin nan shi ne, ki taka, ki sa giya, ki saki ƙafa a hankali. Shi kuloci yake nufi. Ni kuwa ƙafata ba ta san bambanci ba. Na taka, na sa giya, sai na ɗaga ƙafa a hankali, cikin natsuwa, har ina jin daɗin yadda na yi shi daidai.

Motar ta zabura gaba.

Na ji bonet ya faɗo da ƙara. Da ya faɗo sai na ga Baba. Yana tsakanin hancin motar da katanga, bakinsa a buɗe, hularsa ta faɗi, ya dafa bonet da hannu biyu kamar zai iya tura ta baya. Bai yi ihu ba. Cewa kawai ya yi, "Innalillahi."

Baba Buba yana ta kururuwa, "Birki! Taka birki!"

Wannan ne wurin da ya fi mini wuyar faɗa. Ban taka ba. Birkin yana nan ƙarƙashin ƙafata, faɗinsa ya kai tafin hannu biyu. Buɗe ƙofa na yi na fita a guje, takalmi ɗaya, mayafina ya maƙale a ƙofar motar, ina ihu "Na kashe Baba! Na kashe Baba!" Na bar mota a giya tana danne mahaifina.

Baba Buba, dattijo mai ciwon baya, shi ya zura rabin jikinsa ta taga ya murɗe mukulli. Maƙwabta suka fito suka tura motar baya. Ni ban ga wannan ba, labari aka ba ni, domin a lokacin ina cikin ɗakin ajiyar hatsi a bayan buhunan gero. A can Inna ta same ni, ta bi sautin kukana.

Ta ce, "Fito. Ubanki na da rai. Kin tara mana unguwa, har an fara shigowa da salati ana tambayar ƙarfe nawa za a yi jana'iza."

A asibiti aka ɗauki hoto, aka ce ƙashin ƙafarsa ta dama ya tsage a ƙasan gwiwa. Likita ya ce da motar ta ƙara matsawa kaɗan, da zancen ya sha bamban. Na ji wannan maganar ina tsaye a bakin ƙofa, kuma ita ce take dawo mini kullum.

Bayan kwana biyu Baba Buba ya dawo ya ƙarasa aikinsa. Man giyar ja ne garau, ba ƙauri, bai ragu ba. Ɗan tiyon nan ne ya tsufa ya tsage, iska tana zurarewa, shi ya sa giyar ba ta sanin lokacin da za ta canja. Tsawonsa bai kai ɗan yatsana ba. Ya yanko sabo ya sa, kafin shayinsa ya huce ya gama. Da zai tafi ya hango ni ina laɓe a zaure, ya ce, "Direba, ba za ki zo ki gwada mana ita ba?" Na kasa ko ɗaga kai.

Na yi ta jiran faɗan Baba, bai zo ba. Masu zuwa dubiya suna tambayarsa yadda aka yi, sai ya ce, "Tsautsayi ne. Shekara talatin ina tuƙi, na san ba a tsayawa gaban mota tana aiki, na tsaya." Ko sau ɗaya bai ambaci sunana ba, duk da cewa babu wanda bai ji ihuna ba a layin.

Wata rana da la'asar na kai masa kujerar da yake salla a kai yanzu, tunda ba ya iya durƙusawa. Na ajiye, na durƙusa, na ce ya yafe mini sakin birkin da na yi, da gudun da na yi.

Ya ce, "Sakin birki kuskure ne. Gudu kuma tsoro ne, kowa yana da shi. Ni abu ɗaya ne ya dame ni. Na tambaye ki kin tabbata, kika ce mini e." Ya gyara zaman ƙafarsa da hannu, ya ce in tashi in ba shi wuri zai tayar da salla.

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

An ce zai warke, amma wataƙila ya riƙa ɗingishi idan ya yi doguwar tafiya. Abin da na koya bai fi kalma uku ba, "ban iya ba", kuma ƙafar Baba ce ta biya mini kuɗin karatun. Shekaranjiya Inna ta sayo sabon risho, ta tambaye ni ko na iya kunna shi. Tun ina aji uku nake kunna risho. Na ce mata ta dai fara nuna mini.