Kwalliyar Talata Da Baƙin Akwati

Ba zan taɓa mantawa ba da Talatar da na gayyaci mutane har ɗakina don su zo su ga yadda ake girmama ni a ƙasar waje. Har yau in na tuna ina tsakiyar ɗinki, sai allura ta soke ni.

Bari in fara daga farko. Ni mai ɗinkin hula ce a Fagge, sana'ar da iyayenmu suka taho da ita daga Borno. Maigidana ya rasu, ɗana namiji yana Legas, sai ya rage daga ni sai autata Yagana. Ita ce 'yar bokon gidan. Ni bokona na yaƙi da jahilci ne, da girmana na koya, ina iya haɗa baƙi in karanta suna a hankali. Turanci kuwa sai na cin kasuwa. Yagana ta karanci addinai a jami'a, ta kuma sami aikin koyarwa a wata kwaleji a Gombe. Ranar da za ta tafi ta bar mini wata faffaɗar waya mai kama da allon karatu, ta ce da ita za mu riƙa ganin juna.

Bayan tafiyarta gidan ya yi wani irin shiru. Fagge ba ta san shiru ba, ga 'yan adaidaita sahu, ga masu dakon atamfa suna "hanya, hanya", amma duk wannan a bakin zaure yake tsayawa. A ciki kuwa har ƙarar zare nake ji in na ja shi. Nakan dafa shinkafar mutum biyu, sai na sauke tukunya in tuna.

Wata Talata bayan la'asar allon ya yi ƙara. Na zaci Yagana ce, na danna da sauri. Sai ga fuskoki sun cika shi, kowa a ɗan akwatinsa kamar gidan tattabaru. Maza masu gemu da marasa gemu, mata masu tabarau, bayan kowa littattafai har rufi. Wasu mazan da 'yar hula a tsakiyar kai, ƙarama kamar murfin kofi. (Mai sana'a ba ta ganin fuska sai ta ga hula. Na yi ta tunanin me yake riƙe ta a kan.) Wata dattijuwa mai furfura tana magana a hankali, tana murmushi.

Da daddare na gaya wa Yagana, ta yi dariya.

"Inna, ajin da na shiga ne ta intanet. Na malaman Yahudawa ne, limamansu da masu koyarwa a makarantunsu suke ƙaro ilimi. Na nemi izini suka karɓe ni saboda darasin da nake koyarwa. Amma nan sabis ba kyau, ga aiki, na haƙura da shi. In ya ƙara kira ki kashe kawai."

"Yahudawa?" na ce. "Na cikin wa'azi?"

"Su dai, Inna. Mutane ne masu karatu kamar kowa."

Na ce to. Talata ta zagayo, allo ya yi ƙara, na miƙa hannu zan kashe, sai hannun ya danna ɗaya wajen. Wallahi na yi niyyar minti ɗaya ne. Amma ɗakin ya cika da muryoyi, wani dattijo yana tari, wani yana jan kujera, ana buɗe littafi. Rabon da in ji wannan tun Yagana tana bitar jarrabawa. Na zauna.

Ba zan yi ƙarya in ce na fahimci karatun ba. Jefi-jefi nakan tsinci sunan da na sani, Annabi Musa, Annabi Yusuf, sai in yi musu salati in ci gaba da ɗinki. Abin da ya ba ni mamaki shi ne musu. Ɗalibi ya katse malama, ya ɗaga murya, ya buga littafi, ita kuma ta yi ta jin daɗi kamar ya kawo mata tsaraba. A Islamiyyarmu da tuni an kira mijinki. Na haɗa baƙaƙen da ke ƙarƙashin hoton dattijuwar, na ga Miryam. Na ce ashe Maryamu ce, sunan ƙanwar mahaifiyata. Daga ranar ta zama Malama Maryamu.

A can gefe akwai wani baƙin akwati, ba fuska, sai sunan Yagana a rubuce. Na ce wannan kujerata ce. Ai mutum ba ya ganin kansa a cikin taro, wasu ne suke ganinsa. Wannan hankalin nawa ne ni kaɗai, ban tambayi kowa ba.

Tunda kuwa ana ganina, bai kamata in zauna wa malamai da zanin girki ba. Sai na fara shiri. Talata tun azahar nake share ɗaki, in sa allon a caji a shagon mai kanti idan babu wuta. In yi wanka, in ɗauko gyalen da na yi bikin ɗana da shi, in sa kwalli. Har turaren wuta nake yi. (Turare, jama'a. A waya.) In na shiga sai in yi sallama a hankali, in gaishe su ɗaya bayan ɗaya. In dattijon nan mai yawan tari ya yi, in ce, "Sannu Malam, a sha citta." In suka yi dariya, in yi. Ƙarshen darasi Malama Maryamu takan ɗaga hannu tana kallona ido cikin ido, ni ma in ɗaga mata. Wannan ɗaga hannun shi nake ci har sati ya zagayo.

Ban gaya wa Yagana ba. In ta ce, "Inna, ya kaɗaici?" sai in ce, "Wane kaɗaici? Ina nan cikin mutane."

Har hula na ɗinka. Na lura ta dattijon mai tari ta tsufa, bakinta ya zare. Na zauna na yi irinta, 'yar ƙarama, amma da aikinmu na Borno, shuɗi da fari. Duk Talata nakan ɗaga ta in nuna masa inda aka kai. Yakan gyaɗa kai. (Yanzu na gane mutumin da gyaɗa kai yake karatu.)

Da na tsaya nan, da asirina a rufe. Amma baki ba ya riƙe daɗi. A kasuwar Sabon Gari akwai Madam Komfot, wadda nake sayen zare a wajenta shekara da shekaru, Hausa a bakinta kamar 'yar Fagge. Ta tambaye ni me zan yi da zare kaɗan haka, na ce hular wani malami ce a ajinmu na ƙasar waje. Maƙwabciyata Hajiya Ladi tana tsaye, tare muka je. Hajiya Ladi irin matan nan ne da ba a kai musu labari rabi.

"Ajinku? Ke da wa?"

"Ni da malamai. Malamar ma ta san ni. Ba ta tashi sai ta yi mini sallama."

"Ikon Allah! Yaƙi da jahilci ya kai Amurka. To Talata ina nan tafe, in ga wannan ƙawa taki."

Madam ta ce ita ma za ta rufe shago da wuri, ta zo ta yi mana tafinta.

Ranar na soya dubulan, na dama kunun aya. Na shimfiɗa sabuwar tabarma, na jingina allon da filo. Suka zauna dama da hagu, ni a tsakiya kamar amarya. Aka buɗe aji, na yi sallamata, na bi kowa da gaisuwa. Ba wanda ya amsa, na ce musu, "Haka suke, ba sa katse karatu."

Malama Maryamu ta yi bayani, Madam ta saurara ta ce, "Ta ce yau za ta raba ku biyu-biyu. Wai al'adarsu ce tun ta kakanni, ba a karatu mutum ɗaya, sai da abokin musu." Ban taɓa ganin an yi haka ba. Allon ya yi ƙyafta, duk fuskokin suka ɓace. Saura biyu: Malama Maryamu, da baƙin akwatina.

"Kun gani?" na ce, har da taɓa Hajiya Ladi da gwiwar hannu. "Duk ajin ni ta zaɓa."

Na gyara gyale. Na ce, "Malama, barka da yamma. Ya gida, ya iyali, ya sanyi? Ga baƙi na kawo miki." Tana kallona da murmushin nan nata. Ta kira sunan Yagana. Na ce, "Mahaifiyarta ce, ai kin gane ni." Ta sake kira. Ta kara kunne. Ta matso da fuska har hancinta ya cika allon, ta faɗi wata magana, ta yi ajiyar zuciya.

Hajiya Ladi ta juya wajen Madam.

"Me ta ce?" in ji Hajiya Ladi.

"Ta ce..." Madam ta kalle ni, ta kalli tabarma. "Ta ce wannan akwatin tun farkon zango yake zuwa, bai taɓa fashi ba, bai kuma taɓa motsi ba. Wai ko akwai mutum a ciki?"

Sai Malama Maryamu ta cire tabarau, ta yi hamma mai tsawo irin ta wanda ya tabbata shi kaɗai ne, ta ɗauko tuffa ta fara ci.

Madam ta nuna wasu 'yan zane biyu a ƙasan allon, kowanne da jan layi a kansa. "Mama, kin ga wannan? Ido ne, a rufe. Wannan kuma baki ne, a rufe. Ba su taɓa ganinki ba. Ba su taɓa jin ki ba."

"Ɗaga hannun fa?" na ce.

"Kowa take ɗaga wa."

Hajiya Ladi ta yi ƙoƙari, ba zan ci haƙƙinta ba. Ta toshe baki da gyale, kafaɗunta suna rawa. Amma da ta kalli kaskon turare yana hayaƙi a gaban waya, sai abin ya ƙwace mata. "Wayyo cikina! Har da turare! Wata nawa kina yi wa bango kwalliya?"

Madam, don ta gyara, ta ce, "Ai abu ne mai sauƙi," ta danna zanen biyu.

Sai ga mu. Baƙin akwati ya buɗe, ga ƙasan haɓata da ƙofofin hancina, ga Hajiya Ladi baki buɗe da dubulan a ciki, dariyarta tana tafiya har ƙasar waje. Malama Maryamu ta zabura, tuffar ta faɗi. Baiwar Allah tana jiran matashiyar malamar kwaleji, ta sami tsofaffi uku a tabarma. Ta lalubo tabarau ta ce, "Yagana?"

Wannan ce ranar farko da ta gan ni da gaske. Duk gaisuwar da na tara ta gudu. Na ɗaga 'yar hular nan, ban san dalili ba, na riƙe ta a sama kamar mai talla. Sannan na kife allon a kan tabarma. Muryarta ta ci gaba da fitowa daga ƙasa, a hankali, tana tambaya, har ta gaji.

Baƙina ba su daɗe ba. Hajiya Ladi ta tsaya a bakin ƙofa, ta share hawayen dariya ta ce, "Ke ma dai. Katanga ɗaya ce tsakaninmu." Na ce haka ne. Na dawo na kashe turare, na ninke gyale, na zauna da kunun aya na mutum uku.

Washegari Yagana ta kira. Malamar ta rubuta mata, ta ce a tambaya ko matan nan lafiya, a kuma gaishe da mai hula. Ashe saboda ni har sun sa Yagana cikin waɗanda ba sa fashi, sai da ta ba su haƙuri ta ce a cire sunanta, tunda ba ita ke zama ba. Na shirya jin faɗa. Sai kawai ta ce, "Inna, haka gidan ya yi miki?"

Na ce, "A'a, karatun ne ya ba ni sha'awa."

"Me aka karanta?"

Na ce sabis ba kyau, ba na jin ta.

Da aka cire sunan, allon ya daina ƙara ranar Talata. Na yi kewar tarin dattijon nan fiye da yadda zan iya faɗa wa mutane. Hular kuwa na rasa kan da za ta zauna a duk Fagge, yanzu ita nake rufe kofin shayi da ita. Hajiya Ladi in ta leƙo takan ce, "Ina 'yar ajin Amurka?" in ce tana nan tana hutu.

Yagana ce ta karɓi Talatar. Bayan la'asar take kira, in sabis ya yarda, wani lokaci fuskarta ta daskare baki a buɗe, in zauna ina kallonta haka nan. Har yanzu ina sa gyalen, ba zan ɓoye ba. Amma na koyi abu ɗaya da ba a koya mana a yaƙi da jahilci ba: kafin ki ɓata kwallinki, ki tabbata akwai mai kallo. Shi ya sa yanzu ko sallama ba na fara yi. Sai na matso kusa na ce, "Yagana, kina ganina?" In ta ce e, sannan in kunna turare.