Ƙarin da Dakta Ɗanliti Ya Gano

Allah ya yi wa kasuwar Yankara baiwa da masani, Dakta Ɗanliti. Shekara shida ya yi yana tura keken marasa lafiya a wani asibiti a Funtuwa, kuma duk wanda ya daɗe haka a bayan likitoci, ai ilimi ya shige shi ko ta kunne. Da ya dawo gida sai ya buɗe rumfar magani, ya sa farar riga, ya rataya abin sauraren ƙirji mai kunne ɗaya. Wasu suna ce masa Gagara-Takarda. Shi kam ya fi son Dakta.

Aikinsa babba shi ne fassara takardun asibiti. Yakan ɗaga takarda sama, ya runtse ido ɗaya, ya girgiza kai kafin ya karanta. Ba ya duba saman takarda inda ake rubuta suna. Ya ce wannan aikin masu yankan kati ne.

Farkon damina, Baba Ɗanlahadi na Ruwan Godiya ya zo da takardar hoton ciki. Ciwon ciki ya kai shi asibiti, aka yi masa hoto, likita ya yi bayani da sauri, shi kuma kunya ta hana shi sake tambaya. A gidansu ambulan ɗaya ce ake zuba takardun asibitin kowa, a rataye a ɗakin uwargida. Ya zaro wadda ta fi sabunta ya taho.

Dakta ya ɗaga ta, ya yi salati.

"Baba, wannan a likitance shi muke kira fitos. Ƙari ne, kuronik. Dubi nan, har ya yi kai. Ga an rubuta yana motsi. A Funtuwa biyu kaɗai na gani irinsa, ni na tura su."

"Wannan kwanan watan na ƙasa fa, Dakta?"

Dakta ya cire tabarau, ya sassauta murya yadda ya ga manya suna yi. "Ba kowa ake faɗa wa ba. Ranar ce, Baba. Tsakiyar Oktoba. Kaka dai sai wasu."

Baba ya koma gida ya jingine fartanya. Ruwa ya sauka, maƙwabta suka yi shuka, gonarsa tana kwance. Ya ce ba zai shuka dawar da ba zai ci tuwonta ba. Ya hana 'ya'yansa taɓa ta, wai su jira rabon gado. Ya bi gida gida yana neman gafara, har wajen mutumin da suka shekara goma ba sa gaisawa saboda iyakar gona. Shi kuwa Dakta, duk ranar kasuwa sai ya ba da labarin yadda ya gano abin da ya gagari na'ura.

Saura ƙiris lokacin shuka ya wuce, Rifkatu, matar ɗan Baba, ta tashi zuwa awon ciki. Ta zazzage ambulan, babu takardarta. Aka yi ta nema, sai ga ta a aljihun Baba, ta yi laushi don ninkewa.

Da ta dawo daga awon, ta durƙusa gaban Baba, kanta a ƙasa. "Baba, ai wannan tawa ce. Taka ga ta nan. Malamar asibiti ta duba, ta ce gyambon ciki ne, ka rage yaji."

Washegari da sassafe Baba yana gona, yana yi wa samari faɗa wai suna nawar aiki.

Ƙarin ya iso kwana biyu bayan ranar da aka rubuta, namiji, da kuka mai ƙarfi. Baba ya aika wa Dakta goron suna. Dakta ya karɓa, ya gyara farar riga, ya dubi jama'ar rumfa.

"Kun gani? Kwana biyu kacal na kuskure."

Yaron yanzu yana rarrafe. Duk ranar kasuwa Baba yakan saɓo shi a kafaɗa, ya tsaya gaban rumfar, ya ce, "Dakta, a duba mani, ƙarin nan ya fara haƙori."