Wakilinmu da Tayi na Uku

Wani ne a wata ma'aikata a nan Dushanbe, ɓangaren masu duba yanayi. Ba zan faɗi sunansa ba, don ƙanwar matarsa tana auren ɗaya daga cikinku. Mutum ne mai ladabi. Ba irin ladabina da naku ba, wanda yake ƙarewa da zarar an dire farantin osh, dafa-dukar shinkafarmu. Kakarsa ce ta rene shi a can kan duwatsu, kuma da ludayi ta koya masa cewa ɗan mutunci ba ya karɓar abu a tayin farko. Na farko ka ƙi. Na biyu ka dafa ƙirji ka ƙi. Sai a na uku za ka miƙa hannu, kana ɓata rai kamar an tilasta ka. Duk haka aka koya mana, sai dai mu mun san inda ake tsayawa. Shi bai sani ba.

Ya taɓa faɗawa kogin Varzob lokacin da ruwa ya kawo. Wani makiyayi ya miƙa masa sanda, ya ce a'a, kada ya jiƙa sandarsa saboda shi. Sai da makiyayin ya bi shi da gudu ta bakin ruwa, ya cika tayi na uku, sannan ya kama. Ranar ɗaurin aurensa kuwa, amarya da aka sani da jan aji tuni ta amsa, liman yana nan yana fama da ango.

Wata rana shugaban ma'aikatar, Ra'is Hudodod, ya aika aka kira shi. Akwai taron ƙasashe a Jamus kan sauyin yanayi. Wanda ya saba zuwa ya faɗo daga doki a wasan ƙwace akuya, ya karye a cinya. Da aka duba sauran ma'aikata, mutuminmu ne kaɗai fasfonsa bai mutu ba kuma yana da kwat.

Ra'is ya zuba masa shayi, ya ɗauki 'yar gudumar da yake fasa dunƙulen sukari da ita, ya fasa masa ɗan guntu. Ya ce masa ƙanƙarar da ke saman ƙauyensu tana narkewa, har tafki ya taru a bayanta. Mutum ɗaya ne a ofishin ya iya hawa ya auna ta, Bobo Nazarali, shi ma da sanda yake awon, kuma gwiwoyinsa sun gama aiki. A taron za a raba horo ga ƙasashe irin tamu, a ɗauki yaranmu a koya musu aiki da na'urori.

"Ka je ka dawo mana da shi," in ji Ra'is. "In ka dawo hannu Rabbana, ƙanin matata ya daɗe yana auna kujerarka da ido."

Mutuminmu ya ce shi wa, bai cancanci wannan tafiya ba. Ra'is ya sake cewa. Ya dafa ƙirji ya ce akwai manya a gabansa. Ra'is ya faɗa na uku, don shi ma ɗan gida ne, ya san hanya. Ya karɓi tikiti.

Matarsa Mohbegim ta ɗaure masa gurasa da zabibi a mayafi. Ya ce me zai yi da su, ƙasar masu arziki zai je. Ta cusa masa a jaka.

Ranar farko aka yi liyafar tarbar baƙi. Wani dogo mai farin safar hannu ya zo da faranti cike da 'yan ƙananan abubuwa a tsire. Mutuminmu bai ci komai ba tun cikin jirgi, don a jirgin ma sau ɗaya aka tambaye shi. Ya dafa ƙirji ya ce ya ƙoshi. Dogon ya ce to, ya wuce.

Ya tsaya a wurin yana jira. Dogon ya zaga ɗakin, ya dawo ta gabansa, bai ko kalle shi ba. Ya ga wakilan manyan ƙasashe suna ɗiba tun kafin a gama miƙo musu. Sai tausayi ya kama shi. Ya koma masauki ya kwance mayafin Mohbegim, ya buga mata waya.

"Mutanen nan suna cikin wani hali," ya ce. "Abincin bai ishe su ba, kunyar faɗa suke ji."

"Ka ci gurasarka, baban yara."

Aka shiga zama. Ɗaki ne babba, kowace ƙasa da allon sunanta a gaba, kowa da abin sauraren tafinta a kunne. Shugabar zaman wata dattijuwa ce mai gajeren gashi, da gudumar katako a hannunta. Kusa da mutuminmu akwai wani ƙaton mutum mai riga mai furanni, wakilin wani tsibiri da teku ke ci ta kowane gefe. Kwana da kwanaki ana abu ɗaya. Masu kuɗi suna cewa a fara faɗin abin da za a koya. Marasa kuɗi suna cewa a fara faɗin wanda zai biya. Mutuminmu yana zaune yana tsintar zabibi daga aljihu ɗaya bayan ɗaya, bai ce uffan ba, don ba a yi masa tayin magana ba.

Can dai aka daidaita. Shugaba ta ce an samu horo na musamman kan awon ƙanƙarar duwatsu, da na'urori, da malamai, komai kyauta. Za ta kira ƙasashe, mai so ya ce yana so. Ta kira ta farko, ta ce tana so. Ta biyu ma haka, har da neman ƙari. Mutuminmu ya sunkuyar da kai don kunya. Maƙwabtanmu ne fa, ya san iyayensu sun fi haka tarbiyya.

Aka zo kanmu. Ya miƙe tsaye, ya gyara kwat, ya dafa ƙirji.

"Yaya shugaba, Allah ya saka da alheri. Mu mun ƙoshi. Kada ku wahalar da kanku saboda mu. A ba mabukata."

Shugaba ta kalle shi ta saman tabarau. Ta ce ko akwai mai ja? Babu. Ta buga guduma ta ce an zartar. Ta tambaya wa ke son gurbin da ya ragu. Mai riga mai furanni ya ɗaga allonsa tun kafin ta rufe baki. Ta sake buga guduma.

Mutuminmu ya zauna yana murmushi. Ya riga ya shirya abin da zai ce a tayi na biyu, har da inda zai ɗan girgiza kai. Aka wuce magana ta gaba. Aka wuce wadda ke bin ta. Aka tashi cin abincin rana, yana nan a zaune, hannu a ƙirji. Masu shara suka zo, ya ɗaga musu ƙafa.

Mai tsibiri ya dawo da kofin shayi, ya same shi inda ya bar shi.

"Ɗan'uwa, me kake jira?"

"Na biyu."

"Na biyun me?"

Ya yi masa bayani. Mai tsibiri ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ce masa a nan sau ɗaya ake tambaya, kuma abin da guduma ta buga, ko uban wa ya zo ba ya tashi.

"To kai me za ka yi da awon ƙanƙara? Kuna da dutse ne?"

"Ba mu da shi. Amma ƙanƙararku ce take narkewa tana shigo mini har ƙarƙashin gado. Gara in san nawa ta rage."

"Tamu ba ta kai teku. Maƙwabta ke shanye ta a gonar auduga."

"To ka ga ma ba ni da abin tsoro. Zan je in huta."

Kafin yamma labari ya zaga ko'ina. Wakilan masu kuɗi suka yi layi suna gaisawa da shi. Wani har ya rungume shi, ya ce shekara da shekaru yana zuwa taron nan, bai taɓa jin wata ƙasa ta ce ta ƙoshi ba. 'Yan jarida suka ɗauki hotonsa. Shi kuwa kujerarsa kawai yake gani, da ƙanin matar Ra'is a kanta yana juyi.

Washegari ya yi ta maza. Mai tsibiri ya nuna masa yadda ake tsayar da allo in ana son magana, ya ce masa ya yi sauri, akwai fitilar da ke ƙirga lokaci. Shugaba ta ba shi dama. To amma yaya za ka roƙi dattijuwa abu ba ka gaishe ta ba? Ya tambayi lafiyarta. Ya tambayi maigida da yara. Ya tambayi iyaye, in suna raye, in sun riga mu gidan gaskiya ya yi musu addu'a. Ya tambayi gajiyar jiya. Yana cikin tambayar ko ta samu barci, fitila ta yi ja, aka kashe masa abin magana. Shugaba ta gode wa ƙasarmu da wannan jawabi mai ratsa zuciya.

A zaman ƙarshe shugaba ta ce saura magana ɗaya. Waɗanda za a horar suna bukatar ƙasa mai duwatsu da za su je su yi gwaji. Tunda akwai ƙasa ɗaya da ta ce ba ta bukatar komai, ko za ta karɓi baƙin?

Yanzu ku da kanku ku faɗa. Abinci ake ƙi, kyauta ake ƙi. Wa ya taɓa cewa baƙo a'a? Kakarsa da ta ji, da ta taso daga kabari. Ya miƙe tun tafinta bai ƙarasa ba.

"Su zo. Gidansu ne."

Guduma. Aka yi tafi. Sai dai yanzu shi ne mai masauki, kuma mai masauki ba ya tsayawa a tayi ɗaya. Ya sake tsayar da allo. Ya ce kada kowa ya kama ɗaki a otal, abin kunya ne, makwanci a kanmu. Suka ce sun yarda. Guduma. Ya ji amsar ta zo da wuri, kamar ba su ɗauki maganar da gaske ba, sai ya cika na uku. Ya ce ci da sha ma a kanmu, kowa ya taho da iyalinsa, kuma kowace ƙasa za a yanka mata rago.

Guduma. Mai tsibiri ya matso ya tambaya ko surukai suna cikin iyali. Ya ce suna ciki.

Mutuminmu ya dawo Dushanbe ya rame, kwat tana lilo a jikinsa. Hotonsa ya riga shi isowa. Ya tarar da Ra'is Hudodod a ofis, jarida a gabansa, butar shayi a gefe. A bakin ƙofa kuma ƙanin matar Ra'is yana zaune a benci da sabon takalmi.

Ra'is bai ɗaga murya ba. Ya ce ya zauna. Ya tambaye shi horo. Ya ce wani mai tsibiri ya tafi da shi. Ya tambaye shi na'urori. Ya ce sun bi horon. Ya tambaya to wa zai kai baƙin nan kan dutse? Ya ce Bobo Nazarali, in an samu jakin da zai ɗauke shi. Ragunan fa? Ya ce bai ƙirga ƙasashen ba, don ba a ƙirga baƙi.

"Yi mini bayani yadda zan gane," in ji Ra'is. "A hankali."

Mutuminmu ya ga dama ta samu. Ya gyara zama. Ya ce laifin ba nasa ba ne, tsarin mutanen ne babu tarbiyya a ciki. Ya kwatanta masa komai dalla-dalla. Shugaba ta yi tambaya sau ɗaya. Ka ba da amsa. Ta waiga ta ce akwai mai ja? In ba wanda ya yi magana, ta buga guduma ta ce an zartar. Shi ke nan, ko kuka za ka yi ba a dawowa.

"Sau ɗaya tak?"

"Tak, Ra'is."

"Kuma ba a dawowa?"

"Ko uban wa ya zo."

Ra'is ya jinjina kai, ya ce lallai duniya da faɗi. Ya zuba masa shayi da hannunsa. Sannan fuskarsa ta yi laushi.

"To, abin da ya faru ya faru. Kai namu ne, ka daɗe a gidan nan. Za ka ci gaba da zama a kujerarka?"

Daɗi ya kama mutuminmu har idonsa ya kawo ruwa. Ya miƙe tsaye, ya dafa ƙirji.

"Haba Ra'is, ni wa? Ban cancanta ba. A ba wanda ya fi ni."

Ra'is ya waiga hagu, ya waiga dama. Ya leƙa bakin ƙofa ya tambaya ko akwai mai ja. Mai sabon takalmi ya ce babu. Ra'is ya ɗauki 'yar gudumar sukari ya buga a tebur.

"An zartar."

Mutuminmu ya tsaya, hannu a ƙirji. Ya jira. Ra'is ya buɗe jarida ya ci gaba da karatu.

"Ra'is, saura biyu."

"Ka ga amfanin tafiya," in ji Ra'is, bai ɗago kai ba. "Horo aka aike ka nema, ga shi har ka horar da mutum ɗaya."